Tinyar Ulu Mai Ƙulle-ƙulle

Shafi na 19

Masu damuna da "ina ci gaba" tun asuba, to ga shi nan, sai ku bar ni in sha ruwa. Masu zagin Maiturare kuma ku rage saura, don ni ban ce ita kaɗai ce mai laifi a gidan nan ba.

*

Barakatu na durƙushe bakin murhu tana fama da itacen da ruwan jiya ya jiƙa, sai ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Duk layinsu na bayan Kusugu mota ɗaya ce ke tsayawa a wannan ƙofa, fijon mijin Maiturare, yayar maigidanta Jafaru. Gabanta ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Yau za a kawo yarinyar.

Yarinyar dai Madina ce, 'yarta ta fari. Tun ranar da aka yaye ta Maiturare ta goye ta ta yi Zango da ita, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Haka Madina ta tashi tana kiran Maiturare Inna, tana kiran ubanta Kawu, wadda ta haife ta kuwa matar Kawu. Barakatu ba ta taɓa gyara mata ba. Da wane bakin? 'Yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, ko kallonta ba ta yi a gaban mutane. Ana nan sai kuɗi suka buɗe a ƙasa, mijin Maiturare ya samu harkar siminti a Legas za su tashi, gwamnati kuma ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Iya, mahaifiyar su Jafaru, ta yanke magana cewa a bar yarinyar a Daura wurinta ta yi karatu. Gida ɗaya da Barakatu ke nan, tukunya ɗaya. Tun ranar Barakatu ba ta ƙara barcin kirki ba saboda murnar da ba ta da wanda za ta gaya wa.

Maiturare ta shigo babu sallama, leshinta sai ƙara yake, hannunta riƙe da na Madina kamar wadda za a ƙwace. Babu ƙunshin kaya, babu akwati. Barakatu ta saci kallon yarinyar ta gefen ido, ta ga wuya ya zurma, idanu sun faɗa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Kun sha hanya."

Maiturare ta wuce ta kamar ta wuce turmi.

"Iya, fito. Jafaru, in kana ciki kai ma ka fito, ba zama na zo yi ba."

Iya ta fito da carbinta tana gyara ɗankwali. Jafaru ya fito daga turaka da hula a hannu, yana ta washe baki.

"Yaya, lafiya? Ina kayan 'yar makaranta?"

"Kayanta suna mota, kuma a mota za su zauna."

Ta zare ƙullin gefen gyalenta ta jefa wani abu tsakar gida. Ya gangara ya tsaya daf da ƙafar Iya. Ɗan abu ne kore, tsawonsa bai wuce yatsa ba, an saƙa shi da zaren ulu an cusa gindinsa a gwangwanin madara. Ya karkace gefe guda, jikinsa duk ƙananan ƙulle-ƙulle na farin zare, a kansa kuma ɗan jan fure da ya fi kama da tozon zakara.

Barakatu ta gane abinta tun yana sama.

"Mene ne wannan?" in ji Iya, tana ja da baya.

"Ki tambayi surukarki, malamar asiri. A cikin matashin 'yata na tsince shi."

Jafaru ya juyo. "Ke, kin san abin nan?"

"Na san shi." Muryarta ta fito siririya. "Ni na saƙa. Tinya ce."

"Tinya," Maiturare ta maimaita, tana dariyar da babu daɗi a ciki. "Kun ji ko? Duk itatuwan Allah, mangwaro ne babu ko dabino, sai tinya mai dafi ta ga damar saƙa wa 'yata."

"Yaya, wallahi abin wasa ne. Matar malamin asibitin da suka kama haya a maƙwabta ce ke koya mana kwarashi, Iya ma ta sani, da izininta nake leƙawa ta ƙofar tsakani. Ita ta ce mai koyo da tinya yake farawa, don ko ta karkace babu mai cewa an yi kuskure. Kowa a wurin ita ya saƙa."

"Ƙulle-ƙullen fa?"

"Ƙayarta ce. Haka ake yi, a yanka farin zare gajere a ƙulla."

"A ƙulla a tofa."

"Ban tofa komai ba."

"To ya aka yi ya shiga kayanta? Ƙafa gare shi?"

Barakatu ta sunkuyar da kai. Ranar da su Maiturare suka zo bikin suna gidan maƙwabta ne, ta faki ido ta tura shi cikin ƙunshin yarinyar. Ta yaya za ta miƙa wa 'yar fari abu hannu da hannu a gaban surukai? Kunyar da aka yi ta yabonta da ita shekara da shekaru, yau ita ce ta zama sata.

"Ni na sa mata," ta ce. "A ɓoye."

"A ɓoye. Iya, kin ji da kunnenki." Maiturare ta jawo Madina gaba ta ɗaga mata haɓa. "Dube ta. Tun da muka koma yarinyar nan ta daina cin tuwo. Yarinyar da in ba a jikina ba ba ta barci, yanzu sai ta juya min baya ta rungume matashi tana shinshina. In yi magana ta yi shiru. Zazzaɓi ya zo ya tafi, shirun bai tafi ba. Rannan ta dube ni ta ce, Inna, yaushe za mu Daura? Ni za a yi wa haka? Na kai abin nan wurin malami, kallo ɗaya ya yi masa ya ce ƙullin rabuwa ne."

Jafaru ya yi gyaran murya. Bawan Allah nan ƙato ne a kasuwar fata, amma a gaban yayarsa har yau ɗan da take yi wa wanka ne.

"Yaya, da dai an kira matar maƙwabtan an tambaye ta, tunda..."

"A kira ta. Ta faɗi na waje, tunda ita ta koya. Na ciki fa, shi ma ita ta koya?"

Hayaƙin jiƙaƙƙen itace na ta bin bangon tsakar gidan.

"Ba ni reza," in ji Maiturare.

Babu wanda ya motsa. Ta shiga ɗakin Iya da kanta ta ɗauko a kan taga, ta tsuguna da leshinta da komai, ta fizge tinyar daga gwangwani ta tsarge ta tun daga fure har gindi. Saƙar da Barakatu ta yi ta warwarewa tana sakewa har yatsanta ya yi kanta, ta buɗe kamar cikin kifi. Madina ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro ta kai hannu, Maiturare ta buge hannun.

Ba audugar rimi ce a ciki ba. Tsummoki ne, an yayyanka su sirara, baƙin saƙi da ya koɗe don wanki. Maiturare ta zazzage su a tafin Iya.

Iya ta kai su kusa da ido. Ta juya wannan, ta juya wancan, ta tsaya a kan wani mai ƙunar wuta a gefe. Carbin ya daina tafiya a ɗaya hannun.

"Wannan ai saƙina ne."

"Na san za ki gane. Tun a Zango na hango shi ta ramukan saƙar."

"Zanen goyon da na bayar ranar suna. Ga inda garwashin wankan jego ya ci." Ta ɗago ta dubi Barakatu, kallon da ba ta taɓa yi mata ba. "Ranar yaye na ce ki kawo zanen nan a haɗa wa Maiturare, goyo ya bi ɗiya. Me kika ce min?"

Barakatu ta dubi ƙasa.

"Da ke nake."

"Na ce an sace a shanya."

"An sace?"

"A'a."

"Ina yake duk shekarun nan?"

"Ƙasan akwatina."

Iya ta zauna a kan turmi a hankali. "Ni kika yi wa ƙarya, Barakatu. Na yi ta zargin 'ya'yan mutane, har na daina gaisawa da maƙwabciya a kan zanen nan."

Abin da Barakatu ba za ta iya faɗa ba shi ne, zanen nan kaɗai aka bar mata. Ranar da aka tafi da yarinyar nono ya cika mata har zazzaɓi, mata suna shigowa suna yi mata barka da yaye, ita kuma tana murmushi don kada a ce ba ta da kunya. In gidan ya watse sai ta buɗe akwati ta tusa fuska a zanen. Da aka ce musu a wurin koyon saƙa kowa ya nemo abu mai laushi ya cusa wa tinyarsa, ga audugar rimi nan cike da buhu a ɗakin Iya, amma hannunta bai je can ba. Ita dai ta ga zanen na yarinyar ne, ya kamata ya koma wa mai shi. Ko kusa bai zo mata a rai ba cewa tsumman jikin mutum a cikin abu mai ƙulli, duk Daura suna ɗaya gare shi. Wautar ke nan, kuma ni kaina da ina wurin da na ce mata kada ta yi.

"Tufar da ta sha gumin yarinya," Maiturare ta ce, tana nuna tafin Iya. "An adana ta, an yayyanka, an ƙulle, an cusa mata ƙarƙashin kai. Jafaru, kai ne mai karatu. Wannan wasa ne?"

Jafaru ya kasa kallon kowa. "Ke ma dai, me ya kai ki?"

"Babu boka, babu malami. Na rantse da Allah."

"Ki bar rantsuwar baki," in ji Maiturare. "Jafaru, ɗauko Alƙur'ani."

"Haba Yaya, abin bai kai nan ba."

"Ya wuce nan. Ɗauko."

Ya dubi Iya. Iya ta ɗaga masa kai. Ya je ya yi alwala ya fito da shi cikin gafaka, ya tsaya a gaban matarsa kamar baƙo. Barakatu ta yi tata alwalar, ruwan buta na zuba a zanenta. Ta dawo ta miƙa hannu.

"Na rantse ban kai abin nan wurin kowa ba, ban tofa..."

"Dakata." Maiturare ta matso har Barakatu na jin turarenta. "Ba wannan za ki rantse ba. Ki rantse lokacin da kike cusa zanen nan, ba ki so a ranki hankalinta ya bar kaina ya dawo kanki ba. Shi nake so in ji."

Hannun Barakatu ya tsaya a sama.

Ta so. Allah ya sani ta so. Kowane ƙulli da ta yi, sai da ta ce a ranta ina ma yarinyar nan ta shinshina ta tuna bayan da ta kwanta a kai. Ba ta kai wa boka ba, amma ta so, kuma ba za ta dafa littafin Allah ta ce ba ta so ba.

Ta janye hannun.

Jafaru ya runtse ido. Maiturare ta tafa hannu sau ɗaya, amma maimakon murna sai ga hawaye a fuskarta.

"Kun gani. Ni ce muguwa ko? Lokacin da ƙyanda ta kwantar da yarinyar nan har aka fara gyara mata kwanciya, wa ya riƙe ta? Wa ya sayar da awarwaronsa? Kashinta, amanta, kukanta, duk ni. Ke kina nan kina haifar wasu, ga su nan biyu suna yawo a gari. Ni ita kaɗai gare ni a duniya, ita ɗin ma sai kin bi ta ƙarƙashin ƙasa kin janye?"

"Yaya, ban ce ba ki yi ba."

"Rufe min baki. Ke har kin isa ki ce?"

Iya ta zubar da tsummokin a ƙasa ta kakkaɓe tafinta a zane.

"Ya isa. Ni na ce a bar yarinya a nan, ni kuma na janye. Ko asiri ne ko ba asiri ba, wadda ta iya ɓoye min abu shekaru tana gaishe ni safe da yamma, ba zan kwana ina tunanin me take sa wa jikata a abinci ba. Maiturare, tafi da 'yarki. Legas ma akwai makaranta."

"Kuma ba za ta ƙara taka Daura ba sai da aurenta," in ji Maiturare. "Ko shi ma sai na ga dama."

Barakatu ta zube a gaban Iya, gwiwoyinta cikin laka.

"Iya, ki yi min kowane hukunci. Ki hana ni saƙar, ki ƙona kwarashin, ki ce kada in yi mata magana. Da ma ba na yi. Ki bar ta dai in riƙa jin motsinta a gidan."

"Tashi, kada ki yi min rashin kunya a kan 'yar fari."

Barakatu ta juyo wurin mijinta. "Malam, ka sa baki."

Jafaru ya gyara riƙon gafakar. "Iya ta gama magana."

Shi ke nan abin da ya iya. Uban yarinya guda, wai Iya ta gama magana.

Maiturare ta share fuska da gefen gyale ta kamo hannun Madina. "Mu je. Yi wa Iya sallama, ki yi wa Kawu. Waccan ba sai kin yi mata ba."

Yarinyar ta tirje. Idonta na kan koren ulun da ke yashe a laka.

"Inna, abina."

"Ba naki ba ne, shara ce. Matar Kawu ce ta so ta cuce ki da shi."

Madina ta juyo ta dubi Barakatu, kallon tsoro, ta matsa ta ɓuya a bayan leshin. Wannan kallon ne ya ƙarasa Barakatu. A tafi da yarinyar ta haƙura, ta saba. Amma a tafi da ita tana ɗauke da cewa matar nan ta so kashe ta, har ta girma, har ta yi aure, har ta ba 'ya'yanta labari? Ta miƙe tsaye, laka na bin ƙafafunta.

"Ban cuce ki ba. Zanen da na goya ki da shi ne. Ni na haife ki."

Iya ta saki salati. Jafaru ya ce, "Ke." Maiturare kuwa ta ƙame, bakinta a buɗe, don ko a mafarki ba ta zaci wannan shiru-shirun za ta iya furta haka a gaban uwar miji ba.

"Ni na haife ki a ɗakin can," Barakatu ta ci gaba, tana nunawa, muryarta na karyewa. "Wannan da kike ce wa Kawu ubanki ne. Innarki ta riƙe ki, ta yi miki komai, Allah ya saka mata. Amma ni ban taɓa nufin ki da sharri ba, ko da ƙwayar gero."

"Ƙarya take," Maiturare ta ce da sauri, ta toshe wa yarinyar kunne da tafukanta. "Kada ki saurare ta, taɓin hankali gare ta."

Madina ta zame kanta daga hannun. Ta dubi Iya.

"Iya, wai haka ne?"

Iya ta kau da kai. Tsohuwa mai carbi ba za ta ce ƙarya ne ba, ba kuma za ta ce gaskiya ne ba. Yarinyar ta dubi Jafaru, shi ma ƙasa yake kallo. Sannan ta dawo da idonta kan Barakatu, ta ƙare mata kallo tun daga ɗankwali har ƙafa. Babu murna a fuskar, ko kaɗan.

"In ke kika haife ni, me ya sa ko sunana ba kya faɗa? Kullum sai ki ce yarinyar nan."

Barakatu ta buɗe baki. Sunan na nan a kan harshenta, sunan da take faɗa a sujada kaɗai. Ga Iya, ga Malam, ga Yaya, duk sun zuba mata ido. Harshen ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, ya ƙi tashi.

Madina ta jira. Da ta ga babu komai, ta juya da kanta ta kama gefen leshin Maiturare.

"Inna, mu tafi."

Maiturare ta sure ta ta yi zaure. Aka ji buɗe ƙofar mota, aka ji rufewa.

Barakatu ta bi su. Babu gyale, babu takalmi, matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa leƙa zaure da rana ba. Jafaru ya miƙa wa Iya gafakar ya sha gaban matarsa a soron ciki, ta kauce masa ta wuce. Daga bakin zaure tana hango maza zaune a dakali, tana hango ƙeyar yarinyar ta gilashin baya. Direba ya tayar da mota.

"Barakatu." Muryar Jafaru ta biyo ta, a ƙasa-ƙasa, don kada na waje su ji. "Kin zubar min da mutunci a ciki, ba za ki zubar a waje ba. In kika tsallake dokin ƙofar nan, a bakin aurenki."

Ta tsaya, yatsun ƙafarta a kan dokin ƙofar. Motar ta fara mirginawa.

"Madina!"

Mazan dakali suka juyo gaba ɗaya. Ƙeyar da ke cikin gilashi ta motsa, ta fara waiwayowa, hannun Maiturare ya taso ya danne ta.

Barakatu ta tsallake.